Wuraren Wasa da Shaƙatawar Yara a Biranen Turai: Asalinsu da Yadda Ake Zaɓensu

 Shirin faɗakarwa na yau zai yi bayani ne a kan wuraren wasa da shaƙatawa da ake kai yara a biranen Turai, da asalinsu, da yadda ake tafiyar da su, da kuma abin da ya kamata magidanci ya sani kafin ya ɗauki iyalinsa zuwa ɗaya daga cikinsu, ko zaman aiki ko na karatu yake yi a can, ko kuwa ziyara ce ta kai shi lokacin hutun makaranta. Da zarar an ambaci wannan batu, sunan da ke fara zuwa bakin yawancin mutane shi ne Disneyland, saboda talla da fina-finai sun kai shi kowane gida, alhali kuwa yana cikin na baya-bayan nan a manyan wuraren, kuma ba lalle ne ya zama shi ya fi dacewa da ƙaramin yaro ko da aljihun mahaifinsa ba.

Wurin wasa mafi daɗewa a duniya wanda har yanzu yake aiki yana ƙasar Denmak, kimanin kilomita 10 arewa da birnin Kofenhagen, ana kiransa Bakken, kuma ana ƙidaya shekarunsa daga 1583. Asalinsa idon ruwa ne a cikin daji, wanda mutanen birni suka riƙa yin tururuwa zuwa gare shi domin ruwan da suke sha a cikin gari ba shi da kyau, suna kuma ganin cewa wannan ruwa yana da magani. Inda jama'a suka taru kuwa, masu talla da makaɗa da masu wasan barkwanci ba sa jiran gayyata, kamar dai yadda 'yan kama da gardawa ke bin kasuwar ƙauye ranar da take ci, kuma a hankali sai wasan ya rinjayi ruwan, har aka manta da abin da ya fara kawo mutane. Har yau ba a biyan kuɗin shiga Bakken, sai dai mutum ya biya kuɗin lilon da ya hau. Haka tsarin yake a Prater na birnin Biyana, babban birnin Ostiriya, wanda dajin farautar sarakuna ne har zuwa 1766, lokacin da Sarki Josef na Biyu ya buɗe shi ga talakawa. A nan ne aka kafa shahararren lilon nan mai siffar ƙafar keke a 1897, mai tsawon kusan mita 65, wanda ke ɗauke da ɗakunan katako masu kama da taragon jirgin ƙasa, yana juyawa da su sannu a hankali har mutum ya hango birnin gaba ɗaya da kogin Danub. Wuta ta cinye shi a yaƙin duniya na biyu, kuma da aka sake tayar da shi a 1947 sai aka mayar masa da ɗakuna 15 kawai a maimakon 30 na da.

Wanda ya fi cancanta a tsaya a kansa cikin waɗannan tsofaffin wurare shi ne lambun Tivoli na Kofenhagen, domin daga gare shi ne sauran duniya suka koyi abubuwa da yawa. An buɗe shi ranar 15 ga Agusta 1843, kuma wanda ya kafa shi, Georg Carstensen, an haife shi ne a birnin Aljiyas inda mahaifinsa ke aikin jakadanci, abin da ake dangantawa da sha'awarsa ga gine-gine irin na Gabas. Sarki Kiristiyan na Takwas ne ya ba shi izini da fili a bayan ganuwar birni, amma da gari ya bunƙasa sai ya kewaye lambun, ta yadda a yau wanda ya fito daga babbar tashar jirgin ƙasa titi ɗaya kawai zai tsallaka ya isa ƙofarsa. Faɗinsa bai wuce kadada 8 da 'yan kai ba, wato ana iya zagaye shi da ƙaramin yaro ba tare da an goya shi ba, kuma a cikinsa akwai tafki da furanni da bishiyoyi masu inuwa da dandalin kiɗa, da wani gidan wasan kwaikwayo na 1874 wanda labulensa ɗawisu ne na inji, wanda ke naɗe jelarsa idan za a fara wasa, ana kuma yin wasan ba da magana ba, saboda haka yaron da ba ya jin harshen ƙasar ba ya rasa komai.

A cikin Tivoli akwai wani jirgin hawa da gangara na katako da aka gina a 1914. Abin da ake nufi da jirgin hawa da gangara shi ne jerin ƙananan taragai a kan dogo mai tudu da kwari, waɗanda ake jan su zuwa ƙololuwa sannan a sake su, nauyinsu ya riƙa gangarar da su da gudu, ƙarfin gangarar kuma ya haurar da su tudun da ke gaba, ba tare da wani inji a jikinsu ba. Abin da ya bambanta na Tivoli da na zamani shi ne har yanzu mutum ne ke riƙe da birkinsa: ma'aikaci yana zaune a tsakiyar taragan a kan kujera mai ɗan tudu, hannunsa a kan sandar birki, yana ja yana saki gwargwadon nauyin fasinjojin da yanayin dogon, domin ranar da aka yi ruwa gudun ba ɗaya yake da na ranar da gari ya bushe ba. Irin waɗannan jirage kaɗan ne suka rage a duniya. Walt Disney ya ziyarci wannan lambu a 1951, ya lura da tsabtarsa da fitilunsa da yadda manya da yara ke jin daɗinsa tare, kuma bayan shekara huɗu ya buɗe nasa wurin a Kalifoniya ta Amurka.

Daga nan aka shiga zamanin abin da ake kira wurin wasa mai jigo, wato wurin da aka gina komai nasa, tun daga gine-gine da tufafin ma'aikata har zuwa kiɗa da abinci, a kan labari ɗaya ko manufa ɗaya, ta yadda mai ziyara zai ji kamar ya shiga cikin labarin ne. Turai ba ta jira Amurka ba a wannan fanni, domin tun ranar 31 ga Mayu 1952 aka buɗe Efteling a ƙauyen Kaatsheuvel da ke kudancin Holan, kusa da birnin Tilburg. Ya fara ne da dajin tatsuniyoyi, inda mai zane Anton Pieck ya tsara gidaje da mutum-mutumi na tatsuniyoyin Turai guda goma a tsakanin bishiyoyi, yaro yana tafiya a ƙasa yana cin karo da su ɗaya bayan ɗaya, babu gudu babu tsoro. Akwai wata dabara a Efteling da ta cancanci a bayyana ta dalla-dalla. A jikin bango, a wurare daban-daban, an ƙera wani ƙaton mutum mai kumatu da tumbi, bakinsa a buɗe, yana ta kiran a kawo masa takarda. Idan yaro ya kai bawon alewa ko kofin takarda kusa da bakin, sai iska ta zuƙe shi ciki, mutumin kuma ya yi godiya da murya. Sakamakon haka yara ne ke bin ƙasa suna tsintar shara, har su yi ta gardama a kan wanda ya riga ganin ta, kuma abin da tsawa da allon gargaɗi suka kasa yi, wasa ya yi shi tun 1959. Wurin mallakar wata gidauniya ce, ba ta masu hannun jari ba, kuma ana ganin alamar hakan a yawan filin da aka bar wa bishiyoyi da ruwa.

Legoland na garin Billund a Denmak, wanda aka buɗe a 1968 kusa da masana'antar da ke yin ƙananan tubalan roba na Lego, ya shahara da birane da tashoshin jiragen ruwa da aka gina da miliyoyin waɗannan tubala, amma abin da ya fi amfani ga yaro a can shi ne makarantar tuƙi, inda yara ke tuƙa ƙananan motocin lantarki a kan tituna masu danja da alamomin hanya, a ƙarshe a ba su lasin na wasa. Yana da rassa a Windsor kusa da Landan tun 1996 da Günzburg ta Jamus tun 2002. Europa-Park da ke Rust a kudu maso yammacin Jamus kuwa, iyalin Mack ne suka buɗe shi a 1975, waɗanda sana'arsu ta gado ita ce ƙera kekunan doki tun 1780, daga baya kuma lilo, kuma da farko sun so ne ya zama wurin baje kolin kayan da suke ƙerawa. An raba shi unguwa-unguwa da sunayen ƙasashen Turai, kuma ya fi dacewa da matasa masu son gudu, domin ɗaya daga cikin jiragensa yana haurawa mita 73 kafin ya gangaro.

Shi kuwa Disneyland na Faris, an buɗe shi ranar 12 ga Afrilu 1992 a Marne-la-Vallée, kimanin kilomita 32 gabas da birnin, bayan yarjejeniyar da kamfanin ya ƙulla da gwamnatin Faransa a 1987, wadda ta haɗa da miƙa layin dogo har ƙofar wurin. Shekarunsa na farko na asara ne, domin an gina otal-otal fiye da buƙata, tattalin arzikin Turai yana cikin matsi, kuma masu wurin sun ɗauka cewa Bature na Turai zai yi hutu da cin abinci da kashe kuɗi kamar Ba'amurke, abin da bai kasance ba. Sai da aka sake fasalin bashinsa aka kuma sauya masa suna a 1994 kafin ya fara farfaɗowa, sannan aka ƙara masa wuri na biyu a gefensa a 2002. A yau babu wurin wasa a Turai da ya kai shi yawan baƙi, kuma wannan farin jini shi ne babban aibinsa ga mai ƙananan yara. A lokacin hutun bazara, layin hawa abu ɗaya yakan wuce awa guda, abin da za a hau kuwa bai wuce minti biyu ko uku ba, kuma wanda ba ya son jira sai ya ƙara kuɗi a kan tikitin da ya riga ya saya domin a shigar da shi ta gajeren layi. Kuɗin tikitin ma ba tsayayye ba ne, yana hawa yana sauka gwargwadon ranar da aka zaɓa, ko da yake yaron da bai kai shekara 3 ba ba a biya masa. Gaskiyar magana ita ce yaro ɗan shekara huɗu ba ya bambanta lilon dawakai na Disneyland da na kowane lambun birni, kuma abin da zai fi tunawa shi ne gajiya da yunwa a cikin layi. Wurin ya fi biyan kuɗinsa ga yaran da suka kai shekara bakwai zuwa sama, waɗanda suka san labaran, suke kuma iya yinin tafiya a ƙasa.

A nan ya zama dole a yi bayanin ma'aunin tsawo, domin shi ne abin da ya fi jawo kuka a ƙofar lilo. A waɗannan wurare ba shekarun yaro ake tambaya ba, tsawonsa ake aunawa: a bakin kowane abin hawa akwai sanda ko allo mai alama, sau da yawa a kan santimita 100 ko 120 ko 140, kuma yaron da kansa bai kai alamar ba ba zai hau ba, ko da ya yi awa guda a layi. Dalili shi ne ƙarfen da ke danne cinya ko kafaɗa an ƙera shi ne daidai da wani girman jiki, kuma wanda bai cika shi ba yana iya zamewa ta ƙarƙashinsa lokacin da jirgin ya kifa ko ya yi kwana da gudu. Ma'aikacin da ya hana ba rowa yake yi ba, kuma roƙo ko faɗa ko sa wa yaro takalmi mai tudu ba dabara ba ce, ganganci ne. Ƙasashen suna da hukumomin da ke duba injinan a kai a kai, irin su TÜV a Jamus, kuma haɗari ba kasafai yake faruwa ba idan aka kwatanta da yawan masu hawa, amma yana faruwa: a watan Yuni 2023 wani jirgin hawa da gangara ya sauka daga dogonsa a Gröna Lund na birnin Istokholm, mutum ɗaya ya rasu wasu kuma suka jikkata, daga baya aka rufe jirgin baki ɗaya. Ana kuma gargaɗin masu juna biyu da masu ciwon zuciya ko ciwon baya su guji masu gudun. Ga iyayen da ke ɗauke da jariri, wurare da yawa suna da tsarin karɓa-karɓa, inda uba zai bi layi ya hau uwa tana riƙe da jaririn, idan ya sauko ita kuma ta shiga kai tsaye ba tare da sake bin layi ba, sai dai ba a cika tallata wannan tsari ba, sai wanda ya tambaya.

Bayan tsofaffin wuraren wasa da masu jigo, akwai rukuni na uku da matafiya suka fi yin sakaci da shi, alhali shi ne mafi araha kuma mafi amfani, wato gidajen tarihi da na kimiyya da na namun daji da ke cikin biranen kansu. A Landan, tun watan Disamba 2001 ba a biyan kuɗin shiga manyan gidajen tarihi na ƙasa, kuma biyu daga cikinsu, na halittu da na kimiyya, maƙwabtan juna ne a unguwar South Kensington. Wanda ya shiga babban zauren gidan tarihin halittu zai tarar da ƙasusuwan wata dabbar teku mai tsawon mita 25 a rataye a samansa, irin dabbar da babu wadda ta kai ta girma a duniya, sannan a ciki akwai ƙasusuwan manyan dabbobin da suka ƙare tun miliyoyin shekaru. A Biyana akwai gidan namun daji na Schönbrunn, wanda aka kafa a 1752, kuma babu wanda ya girme shi cikin waɗanda ke aiki a yau. A Faris, lambun tsirrai da ake kira Jardin des Plantes yana da gidan dabbobi da wani zaure inda aka jera dabbobin Afirka da aka cusa wa fatunsu kaya, giwa a gaba sauran suna biye kamar ayari, kuma Babban Masallacin Faris, wanda aka buɗe a 1926, yana tsallaken titi, ta yadda iyali za su iya yin sallar azahar su ci abinci su koma. A Hambug ta Jamus akwai Miniatur Wunderland, wanda aka buɗe a 2001 a cikin tsofaffin ɗakunan ajiyar kaya na tashar jiragen ruwa, inda aka ƙera ƙasashe a ƙanƙance da jiragen ƙasa masu tafiya da filin jirgin sama da jirage ke tashi suna sauka, dare kuma yana yi gari yana wayewa duk bayan minti 15. A Istokholm, tsibirin Djurgården kaɗai ya ishi iyali kwana biyu, domin a nan Skansen yake, wanda Artur Hazelius ya kafa a 1891 ta hanyar kwaso tsofaffin gidaje da gonaki da shaguna daga sassan Suwidin ya sake kafa su wuri ɗaya, da masu sana'a a ciki suna aikinsu irin na da, a nan kuma ake ajiye jirgin yaƙin Vasa da ya nutse a 1628 aka tsamo shi a 1961.

Wani wuri da ba a cika jin labarinsa ba, amma ya fi wurare masu tsada da yawa koyar da yaro, shi ne jirgin ƙasan yara na birnin Budafes a ƙasar Hangari. An fara shi a 1948, zamanin mulkin gurguzu, a matsayin wurin horar da ƙungiyar matasan jam'iyya, kuma da mulkin ya faɗi sai aka cire siyasar aka bar jirgin. Dogon ya ɗan haura kilomita 11, yana ratsa dazuzzukan tuddan Buda, kuma in ban da direban da ke tuƙa kan jirgin da wasu manya masu sa ido, duk sauran aikin yara ne 'yan shekara 10 zuwa 14 ke yin sa. Yarinya ce cikin kayan sarki da hula za ta sayar da tikiti ta ba da canji, yaro ne zai bi taragai yana huda tikitin, wani kuma yana tsaye a bakin dandamali da ɗan allo a hannu, sai ya ɗaga shi jirgin zai tashi, sannan ya ƙame ya sara har taragon ƙarshe ya wuce. Ba a ɗaukar yaro sai yana ƙoƙari a makaranta, kuma sai ya yi watanni yana koyon ƙa'idojin aikin ya ci jarrabawa. Baƙon yaron da ya ga sa'ansa riƙe da irin wannan amana yakan koma gida da tambayoyin da lilo ba ya haifarwa.

Bai kamata a rufe tarihin waɗannan wurare ba tare da ambaton ɓangarensa mai muni ba, musamman ga mai sauraro ɗan Afirka. Lambun Jardin d'Acclimatation na Faris, wanda aka buɗe a 1860 kuma a yau yake cike da yara da lilo, ya fara baje kolin mutane a 1877, inda aka riƙa kawo 'yan Afirka da na wasu nahiyoyi ana ajiye su a bayan shinge ana biyan kuɗi ana kallonsu, kuma an shafe shekaru da dama ana haka. Mai cinikin namun daji Carl Hagenbeck na Hambug ma ya yi suna da irin wannan sana'a, kuma har a bikin baje kolin duniya na Brasels a 1958 an kafa abin da aka kira ƙauyen Kwango. Ragowar wannan tunani ya daɗe a cikin zane-zane da mutum-mutumin wasu wuraren wasa, har Efteling kansa sai a 2021 ya rufe wani lilo da ke nuna baƙar fata a matsayin mai cin naman mutane, ya sake masa jigo. Yaron da ya yi wayo ya cancanci a gaya masa wannan, ba don a ɓata masa yini ba, sai don ya san inda yake tsaye.

Game da shirin tafiya kuwa, wanda zai taso daga Nijeriya ko Nijar ko Gana yana buƙatar bizar Shengen, wato izini ɗaya da ke ba da damar shiga ƙasashen Turai 29 da suka cire shingen iyaka a tsakaninsu, na tsawon kwana 90 a cikin kowane kwana 180. Tun watan Yuni 2024 kuɗinta Yuro 90 ne ga babba, 45 ga yaro ɗan shekara 6 zuwa ƙasa da 12, wanda bai kai 6 ba kuma kyauta, sannan ana neman inshorar lafiya da ta kai Yuro 30,000 ga kowane mutum, da takardar haihuwar yaro, da takardar amincewar mahaifi ko mahaifiya idan ɗayansu ne kaɗai zai yi tafiyar da shi. Birtaniya ba ta cikin wannan tsari, saboda haka wanda ke son haɗa Landan da Faris biza biyu zai nema, ko da yake jirgin ƙasa na ƙarƙashin teku yana haɗa biranen cikin awa biyu da 'yan mintuna. A cikin gari kuwa sufuri yana da sauƙi ga mai yara, domin a Landan yaron da bai kai shekara 11 ba yana shiga jirgin ƙarƙashin ƙasa kyauta idan yana tare da babban da ya biya, kuma a jiragen ƙasa masu dogon zango na Jamus yaro har zuwa shekara 14 ba a biya masa idan an rubuta shi a tikitin babban da ke tare da shi.

Yanayi ma abin lura ne, domin yawancin wuraren wasa na arewacin Turai ba sa aiki duk shekara: Tivoli yana buɗewa ne daga wajen Afrilu zuwa Satumba, sannan na ɗan lokaci a Oktoba da kuma ƙarshen shekara, kuma wanda ya je a Janairu yana iya tarar da ƙofa a rufe. A ƙarshen Yuni rana ba ta faɗuwa a Kofenhagen sai wajen ƙarfe 10 na dare, a Disamba kuwa kafin ƙarfe 4 na yamma duhu ya shiga, abin da ke rikita barcin yara, yake kuma matse ko nisanta lokutan salla fiye da yadda aka saba a gida. Ko a tsakiyar bazara ana iya yin ruwa da sanyi, don haka rigar sanyi da ta ruwa ba sa barin jaka. Abinci a cikin wuraren wasa yana da tsada kuma na halal ba ko'ina ake samun sa ba, shi ya sa iyalai da yawa ke tafiya da guzurinsu inda doka ta yarda, ko su tsaya a kan kifi da ganye. A kuma riƙa karanta bayanin da ke jikin ledar alewa mai danƙo, domin yawancinta ana haɗa ta ne da wani sinadari da ake samu daga fata da ƙashin alade. Ruwan famfo a waɗannan birane ana shan sa, gora ɗaya da za a riƙa cikawa ta wadatar.

Abu na ƙarshe shi ne ɓatan yaro a cikin cunkoso, wanda ke faruwa cikin ƙiftawar ido, musamman lokacin da jama'a suka taso gaba ɗaya bayan wasan wuta na dare. Kafin a shiga, a rubuta lambar wayar uba ko uwa tare da lambar ƙasa a jikin wani abin hannu ko a takarda a aljihun yaro, a ɗauki hotonsa da kayan da ke jikinsa a ranar, a nuna masa irin rigar ma'aikatan wurin, a kuma gaya masa cewa idan bai ga iyayensa ba ya tsaya inda yake ya kira ɗaya daga cikin ma'aikatan, kada ya fita neman iyayen. Lambar neman agajin gaggawa a duk ƙasashen Tarayyar Turai ita ce 112, kuma kyauta ake kiran ta daga kowace waya. Ana kira ga iyaye masu niyyar wannan tafiya su auna tsawon kowane yaro tun a gida, su duba ranakun da wurin yake buɗe da tsawon da ake nema a shafinsa na intanet, sannan su sayi tikiti.